Haramin da baƙi suka bari da tsofaffin jallabiyoyi: me za a ɗinka da su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mazauniyar Makka ce, wajen Shara Mansur. Duk shekara 'yan'uwa daga gida suna sauka wajenmu lokacin Umara da Hajji, in za su koma sai su bar mana haraminsu saboda kilo ya yi musu yawa. Yanzu akwati guda ya cika. Ga tsofaffin jallabiyoyin maigida da na yara, ga abayoyin da suka koɗe, ga buhunan shinkafa. Ina da ƙaramin keken ɗinki, amma ban ƙware ba. Na taɓa yanka harami ɗaya na yi tawul, wanki ɗaya ya zazzage ya cika mini inji da zare. Me zan iya yi da kayan nan? Kuma ya halatta a yi abin taka ƙafa da harami?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bari mu fara da tambayar ƙarshe, don hankalinki ya kwanta kafin ki ɗauki almakashi. Harami yadi ne kamar kowane yadi. Alfarmar tana ga halin da mutum ya shiga lokacin da ya ɗaura niyya a miƙati, in ya yi aski ya fita daga wannan hali, zanen ya koma zane. Malamai ba su hana a yi tawul ko shimfiɗa da shi ba. In duk da haka zuciyarki ba ta son a taka shi, ki bar shi ga tawul da kayan kicin, abin taka ƙafa ki yi shi da jallabiya, zan yi miki bayaninsa a gaba. Abu biyu dai ki kula da su. Wasu dattawa suna ajiye haramin da suka yi Hajji da shi don ya zama likkafaninsu, saboda haka wanda ba a ce miki an bar miki ba, ki tambayi mai shi. Sannan haramin da kika gani a rataye a Mina ko a bakin wurin alwala, kada ki ɗauka da zaton an yar da shi, domin tsintuwar Makka ba ta halatta sai ga wanda zai yi cigiyarta. Wanda baƙinki suka ba ki kuwa naki ne. Ko hukuma ma ta lura da yawan abin da ake zubarwa: a 2025 hukumar kula da harkar tufafi ta Saudiyya ta fito da shirin tattara haramin da alhazai suka bari, a sake sarrafa zarensa a saƙa sabo.

Kafin ki yanka komai, ki san irin yadin da ke hannunki, don a nan mafi yawan ayyuka suke lalacewa. Ba duk harami ne auduga ba. Akwai mai gashin tawul na auduga zalla, akwai gauraye, akwai kuma mai sulɓi mara nauyi wanda kusan dukansa foliyesta ne, abin da muke ce wa mai roba. Ido yana ruɗi, wuta ba ta ruɗi. Ki yanko ɗan ƙyalle kamar faɗin yatsa daga gefe, ki riƙe da cokali mai yatsu a kan wurin wanke-wanke, ki kusanta masa ashana. Auduga tana ci kamar takarda, warinta na ƙonanniyar takarda ne, tokarta kuma tana murjewa a hannu. Mai roba yana janyewa daga wutar, ya narke, ya bar baƙin ƙulli mai tauri. Gauraye yana ba da duka biyun, ga toka ga ƙulli. Ki ware su kashi-kashi. Na auduga shi ne na shan ruwa da taɓa zafi. Mai roba kada ya kusanci tukunya ko murhu, don in ya narke a fata yake mannewa. Ki yi wa jallabiyoyin wannan gwajin su ma: fararen nan na bazara yawancinsu foliyesta ne ko gauraye, abaya kuwa kusan kullum roba ce.

Sai wanki. Ki wanke haramin da ruwan zafi, maki 60 a inji, ki shanya ya bushe sarai kafin awo. Dalili biyu ne: tsabta, tunda jikin mutane ya sha, da kuma tsukewa. Tawul na auduga yakan tsuke a wankin farko da na biyu, wani har kusan kashi ɗaya cikin goma. In kika haɗa shi da yadin jallabiya wanda ba ya tsukewa alhali bai gama nasa ba, bayan wanki gefen zai tattare ya murɗe, guga ba za ta gyara shi ba. Kada ki zuba ruwan laushin kaya, yana lulluɓe zaren ya rage masa shan ruwa. In akwai tabo, Clorox, wato ruwan bilic na faranta kaya, kaɗan cikin ruwa mai yawa yana yi wa farar auduga aiki, amma mai roba yakan koma rawaya da shi. Kuma don Allah kada ki haɗa Clorox da khal (ruwan tsamin nan, vinegar) ko da ruwan wanke masai, iskar da ke tashi guba ce, musamman a banɗakin da ba taga.

Yanzu ga dalilin da tawul ɗinki ya zazzage. Gashin tawul madaukai ne na zare da aka saƙa a cikin yadin, abin da ke riƙe da su shi ne zaren da ke gefensu. Da almakashi ya ratsa, duk madaukin da ke bakin yankan ya rasa mai riƙe shi, inji kuma ya girgiza shi ya fito. Don haka doka ɗaya ce a aikin harami: duk bakin da aka yanka sai an rufe shi kafin ya ga ruwa. Hanya mafi sauri ita ce keken ofa, wanda a gida ake kira wibin. In ba ki da shi, ki tara yankakkun ki kai wa tela ya bi miki su gaba ɗaya. In kekenki yana zigzag, ki sa faɗinsa a 5, tsawonsa a 1.5 zuwa 2, ki bi bakin sau biyu, allurar tana faɗawa ɗaya a cikin yadi ɗaya a waje. Kalmasa ninki biyu tana yi, sai dai a kusurwa kauri yana kai ninki tara, ƙaramin keke kuma a nan yake karya allura. Abin da na fi so, kuma shi ya fi kyau a ido, shi ne cin baki da zirin jallabiya.

Ga yadda ake yi. Falle ɗaya na haramin babban mutum yakan kai wajen santimita 110 a faɗi, 220 a tsawo, in ya sha wanki ya dawo kamar 105 da 205. Ki auna naki, don sun bambanta. Ki yanke gezar bakin in akwai, ki raba faɗin gida uku, tsawon gida huɗu, sai ki sami tawul 12 masu 35 da 50, daidai na hannu da na kicin. Kewayen kowane ɗaya santimita 170 ne, ki ƙara 10 na haɗi, wato guda 12 za su ci wajen mita 22 na ziri. Kada adadin ya ba ki tsoro. Bayan jallabiyar babban mutum kaɗai, in an yanka shi ziri-ziri mai faɗin santimita 4, yana ba da kusan mita 19, gaban ya cike sauran. Mutane da yawa suna zaton dole sai an yanka zirin a karkace kamar bayas na kasuwa. Ba dole ba ne in kusurwoyin tawul ɗin a tsaye suke, miƙaƙƙen yanka ya isa kuma ya fi tattalin yadi. Sai in kin zagaye kusurwar da bakin kofi ne za ki buƙaci na karkace, don shi ne ke lanƙwasa ba tare da ya tattare ba. Ki ninka zirin biyu a tsawonsa ki goge, ki buɗe, ki kawo gefe biyun su haɗu a tsakiya, ki sake ninkawa ki goge. Wutar gugar ta zama kaɗan, foliyesta yana ƙyalli ya ƙone nan da nan. Ki cusa bakin tawul ɗin har ƙarshen ninkin, ki ɗinka. Kuskuren da ake yawan yi shi ne allura ta kama zirin sama ta kuskure na ƙasa. Maganinsa, lokacin guga ki bar ɓangaren ƙasa ya ɗara na sama da milimita 2, ko ki ɗinka da zigzag mai faɗi wanda zai kama duka. Gefen da masaƙa ta riga ta rufe ba ya buƙatar komai, in kina son rage aiki ki bar shi yadda yake.

Keken ma yana son shiri. Allura lamba 14 ga falle ɗaya ko biyu, lamba 16 in sun kai uku. Tsawon ɗinki 3 zuwa 3.5, don gajeren ɗinki yana nutsewa cikin gashin ya ja yadin. In yatsun takalmin keken suna shiga madaukai suna tsayawa, ki shimfiɗa siririyar takarda a sama ki ɗinka tare da ita, daga baya ki yage. Fil yana ɓacewa cikin tawul har ya soki mutum, gara ki riƙe da maƙalan shanya. Bayan kowane zama ki cire kwarkwaro da ƙoshiya ki share burbushin da ya taru da tsohon buroshin haƙori. In kika ga keke ya fara tsallake ɗinki ko zare yana cukurkuɗewa a ƙasa, sau da yawa wannan burbushin ne, ba lalacewa ya yi ba.

Da kin saba da cin baki, abin taka ƙafa na ƙofar banɗaki ba wani sabon aiki ba ne, tawul ne mai kauri. Ki yanka 50 da 75. Falle ɗaya yana ba da guda huɗu, ragowar ta ba da na biyar, wato harami cikakke mai falle biyu zai yi miki mataki uku masu ninki uku-uku, har da saura. Ki jera ukun, ki riƙe su da manyan ɗinkin hannu daga tsakiya zuwa gefe, sannan ki bi da keke layi-layi, tazarar santimita 6 zuwa 8. Kullum ki fara daga layin tsakiya ki nufi waje, kuma duk layukan su tafi fuska ɗaya. In kika fara daga gefe, na sama yana tafiya ya fi na ƙasa, sai ki iske ƙullutu a tsakiya ba inda za ki kai shi. Bayan layukan ki daidaita bakin da almakashi, ki ci shi da ziri mai faɗin 7, tunda kaurin ya ƙaru. Tayil da jiƙaƙƙen tawul santsi ne da su, a gidan da ke da tsoho ko mai ciki wannan ba abin wasa ba ne. Ki sayi ragar robar nan da ake shimfiɗawa cikin durowar kicin, ana samunta a shagunan kayan araha da ake kira abu riyalen, ki yanka ta ƙasa da matakin kaɗan ki shimfiɗa a ƙarƙashi. Kada ki ɗinke ta a jiki, zafin wanki yana marmashe ta. Wadda ke Jidda ta tsaya a ninki biyu ta sa masa madauki na ratayewa, don damshin iskar teku ba ya barin ninki uku ya bushe, kwana biyu sai wari. A Makka iska busasshiya ce, ukun ba matsala.

Tsumman sauke tukunya kuwa auduga zalla, wadda ta ci gwajin wuta. Ninki huɗu na 20 da 20, a rufe sama da ƙasa da ƙyallen tsohon wandon jins, a ɗinka gicciye daga kusurwa zuwa kusurwa. Cin bakinsa ma kada ya zama na farar jallabiya mai roba, ki nemi ragowar atamfa ta auduga. In ya jiƙe kada a ɗauki tire daga tanda da shi, ruwa yana kai zafi hannu cikin ƙiftawar ido.

To, jallabiyoyin da abayoyin. Aikin da ya fi cinye su shi ne dardumar kitso, kuma ba ya buƙatar keke ko kaɗan, allura babba da zare mai ƙarfi kawai. Duk macen da ta iya kalaba ta riga ta iya rabin aikin. Ki cire wuya, aljihu, maɓallai da duk wurin ɗinki, ki yanka sauran ziri-ziri a tsawon rigar, faɗin santimita 6. Yadin abaya ya fi sirantaka, nata ki yi 8 don kaurinsu ya zo ɗaya, in ba haka ba kitson zai riƙa karkata wajen siririn. Fari zalla ba ya zama a ƙasa, kwana uku ya yi dauɗa. Kada kuma ki wahalar da kanki da rini, foliyesta ba ya kama rinin gida, shayi da lalle da zoɓo duk wanki ɗaya ne su fita. Abin yi shi ne ki gauraya: ziri ɗaya fari, ɗaya baƙi na abaya, ɗaya daga jallabiyar hunturu mai ruwan toka ko ruwan ƙasa, ko atamfa. In za ki sa jan shimag, ƙyallen nan da mazan Larabawa ke yafawa a ka, ki jiƙa ɗan ƙyallensa ki matse a cikin farin tsumma ki ga ko yana zuba.

Ki ɗinke kan ziri uku wuri ɗaya, ki maƙala a hannun ƙofa, ki fara kitsawa, kina tura gefunan da aka yanka ciki da babban yatsa don kada zare ya riƙa fitowa. Kada zirin da ke hannunki ya wuce mita ɗaya da rabi, dogo yana harɗewa. In ɗaya ya kusa ƙarewa ki ɗinka masa wani a karkace. Tun farko ki sa tsawon ukun ya bambanta, don kada haɗinsu ya faɗo wuri ɗaya ya yi ƙulli. Kitson ya yi tauri daidai, faɗinsa wajen santimita 2, kuma hannunki ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. Kitso yana cin tsawo: ziri mai mita 4 yakan dawo kamar mita 3.

Lissafin dardumar mai siffar ƙwai yana da sauƙi. Ki cire faɗin da kike so daga tsawon, abin da ya rage shi ne tsawon kitson tsakiya. Mai 60 da 90, tsakiyarta 30 ke nan. Irin wannan tana cin kitso wajen mita 23, wato ziri kusan mita 90, abin da jallabiya uku na manya za su bayar. Ki shimfiɗa santimita 30 ɗin farko a miƙe, ki lanƙwaso kitson ya dawo gefensa, ki riƙa haɗa su da zare ninki biyu, allura tana shiga ƙarƙashin madaukin wannan ta fita ta shiga na wancan. Ba huda yadin ake yi ba, ratsawa ake yi tsakanin kitson, shi ya sa allura mara tsini ta fi.

A nan ne gizo ke saƙar. Dole aikin ya kasance a shimfiɗe a kan tebur ko a ƙasa, ba a cinya ba. A gefen da yake miƙe, madauki ɗaya na sabon zagaye yana haɗuwa da madauki ɗaya na tsohon. A wurin lanƙwasa kuwa zagayen waje ya fi na ciki tsawo, don haka lokaci-lokaci sai ki tsallake madauki ɗaya na sabon kitson ba tare da kin tsallake na tsohon ba. In ba ki yi haka ba, ko kina jan zare da ƙarfi, dardumar za ta tashi kamar ƙwarya. In kuma kin yawaita tsallaken, bakinta zai yi ta lanƙwashewa kamar ganyen latas. Bayan kowane zagaye ki ɗora tafin hannu ki shafa, in ta kwanta lif ki ci gaba, in ta fara ɗagawa ki warware zagayen nan take. Wadda ta riga ta zama ƙwarya, in kaɗan ne, a yayyafa mata ruwa a danne da abu mai nauyi ta kwana. In ta yi yawa ba ta da magani sai warwara, ko ki ci gaba da ɗaga gefen da gangan ta zama kwandon zuba kayan wasan yara. Wajen ƙarewa ki rage faɗin zirin uku a hankali cikin santimita 20 na ƙarshe, kitson ya sirance, ki cusa wutsiyar ƙarƙashi ki ɗinke, a kan lanƙwasa, ba a miƙaƙƙen gefe ba, a nan ne ba ta nunawa.

Wani abin da yadin jallabiya ya dace da shi, kuma kowane baƙonki zai buƙata, shi ne jakar takalmi ta shiga Masallacin Harami, mai igiya da ake goyawa a baya. Ki yanka 35 da 90. A kowane ƙarshe ki kalmashe gefen dama da hagu tsawon santimita 8, sannan ki ninka bakin santimita 1, ki sake ninka 3, ki ɗinka, wannan ita ce hanyar igiya. Ki ninka yadin biyu, fuskar kirki tana waje, ki ɗinka gefuna da rabin santimita daga ƙasan hanyar igiyar zuwa gindi, ki juya ciki waje ki sake ɗinkawa da santimita 1. Wannan ɗinki biyun yana ɓoye bakin yankan gaba ɗaya, yadin jallabiya kuwa in ba a ɓoye bakinsa ba zarewa yake. Ki ɗinka ƙananan madaukai biyu a kusurwoyin gindi, ki maimaita ɗinkin sau uku don a nan nauyi yake. Igiya biyu, kowace santimita 160: ɗaya ta shiga ta dama ta zagaya ta fito ta dama, ɗayar ta hagu haka, a ɗaure kowace a madaukin ɓangarenta. In jakar ta ƙi tsukewa idan an ja, duba, igiyoyin biyu ta gefe ɗaya suka fito. Baƙar abaya ta fi fari dacewa a nan saboda ƙurar takalmi, sai dai tana zamewa ƙarƙashin keke, ki sa mata allura lamba 11 da takarda a ƙasa.

Buhun shinkafar basmati mai kilo 10 na algarara, wanda yake zuwa da zif da hannu, jaka ce da aka riga aka ɗinka rabi. Kada ki sa shi a inji, zai tsuke ya zubar da gashi ya toshe matatar. Ki juya shi, ki kakkaɓe, ki shanya a rana yini guda saboda ƙwarin shinkafa, ki goge da ɗanyen tsumma. Ki ɗinka masa shafi da jallabiya daidai girmansa, ki zura, ki kama bakin a ƙarƙashin zif da ɗinkin hannu. Hannun da ya zo da shi ba ya jure cefane na kullum, ki ƙara masa ƙyallen jins ta ciki, ki ɗinka murabba'i da gicciye a tsakiyarsa da allura lamba 16. Ki karanta rubutun jikin buhun tukuna. Wasu suna ɗauke da sunan ɗan kasuwa mai haɗe da sunan Allah, irin wannan ba a ajiye shi a ƙasa ko a zuba masa takalmi, ki yanke wurin ko ki bar buhun.

Gam ɗin bindiga da ake nunawa a bidiyon aikin hannu, ki bar shi ga furen ado da ba a wankewa. Zafin Makka yana haura maki 45 a bazara, cikin motar da aka ajiye a rana kuwa yana wuce 60, a nan gam ɗin yake laushi ya saki. Duk abin da zai ɗauki nauyi ko ya shiga ruwa, zare ne maganinsa.

Wannan zafin kuma yana da amfaninsa. Ragowar harami na auduga, ki auna kewayen gorar ruwa ki ƙara santimita 3, ki ɗinka mata riga mai roba a wuya. In aka jiƙa rigar aka rataye gorar inda iska ke kaɗawa, ruwan da ke bushewa yana tafiya da zafin, irin yadda ake naɗe jarka da jiƙaƙƙen buhu. A Makka da Madina yana aiki sosai, gorar ƙarfe ta fi ta roba jin sanyin. A Jidda kada ki sa rai, iskar ta riga ta ƙoshi da ruwa.

Duk guntayen da suka rage, geza da wuyan riga da bakin yanka, ki tara su a leda. Ki auna faɗin ƙofar ɗakin da ke da mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ki ƙara santimita 4, ki yanka baƙar abaya ko ƙafar jins mai wannan tsawon da faɗin 20, ki ɗinka ta zama doguwar jaka, ki yayyanka guntayen ƙanana ki cusa da muciya har ta yi tauri. Ana kwantar da ita a gindin ƙofa, ta hana sanyi fita, ta hana ƙura da kyankyaso shiga. Tana son ɗan nauyi don kada iska ta ture ta, amma kada ki sa shinkafa ko wake, ƙwari da ɓera za ki gayyato. Tsakuwa ƙanana da aka wanke, ko yashi a ɗaure cikin leda biyu, a sa ɗaya a kowane ƙarshe ɗaya a tsakiya. Bakin ƙarshe ki rufe shi da ɗinkin hannu, don ranar wanki ki farke ki zare ledojin yashin kafin ta shiga inji.